Arba'in Arewa, Talatin Gabas

Ni Ɗalhatu direba, duk mahaɗar Magama an san ni da saurin fushi, kuma ban musa ba. Amma kuka a gaban maza, wannan sau ɗaya na taɓa yin sa, ranar da Gwaggo ta kusa faɗawa kwari.

Gwaggo motata ce, kada ka ɗauka ƙanwar ubana nake nufi. Tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, in tana hawa tudu sai ka ji tana nishi kamar mai naƙuda. Mahaifina Mahmudu ya tuƙa ta tsakanin Jibiya da Maraɗi har idonsa ya yi rauni, sannan ya miƙa mini makulli. A ƙofar direba akwai sunaye biyu da farin fenti, nasa a sama, nawa a ƙasa, sai wani ɗan wuri da ya rage babu komai. Abokan aiki sun sha tsokanata a kan wurin nan, don ƴaƴana duk mata ne. Ba ni da gona, ba ni da shago, Gwaggo ce gonar, ita ce shagon.

Babbar cikin ƴaƴan nawa tana ajin ƙarshe a sakandare, ɓangaren kimiyya. Ƴar fari ce, ka kuwa san al'ada, tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi da bakina ba. "Ke" nake cewa, uwarta Mariyamu ma haka. Yarinyar ta cika mana tsakar gida da zanen kibiyoyi da gawayi, wai fiziks. Na sha ce mata in maharbiya take son zama ta faɗa mini in saya mata baka.

Ranar wata Asabar ce da damina. An kwana ana ruwa, na ɗauko garin kwaki zan kai Maraɗi. Ina isowa kusa da shingen kan iyaka na tarar wata tirela ta mutu a tsakiyar kwalta, motoci sun yi layi a bayanta har ido ba ya ganin ƙarshe. To akwai wani yanke da mu tsofaffin hannu muka sani, siririn tudu ne da ya bi ta bayan rumfuna, kwari a hagu, kwari a dama, ya ɓullo daidai mahaɗa, gaban matacciyar tirelar. Da rani ko ido rufe nake bin sa. Na ce wa zai zauna jiran makanike? Na karya kan mota na shiga.

Sauri ya haifi nawa. Ban san ruwan dare ya cinye gindin tudun ba. Hancin Gwaggo ya riga ya leƙa mahaɗa, tayoyin gaba sun hau ƙasa mai ƙarfi, sai na ji baya ya zauna, dim! Na taka totur, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin taɓo. Na diro na duba. Tayoyin baya sun nutse har rabi, kuma abin da ya rage na ƙasa a kowane gefe bai fi faɗin tabarma ba. Kwarin kuwa, ko wanne ka leƙa, zai haɗiye raƙumi da kayansa.

Kafin ka ce kwabo wuri ya cika. Lado, shugabanmu na direbobi, ya iso da babbar rigarsa da tumbinsa yana ba da umarni tun daga nesa. Ya sa ƴan dako suka sauke buhunan gari, aka tara su gefe aka rufe da tampol. Sannan ya aika aka kira tarakta.

Ga inda gizo ke saƙar. Da Gwaggo tana kallon hanya sosai, da an ja ta an wuce wurin. Amma a karkace take, hancinta na kallon tsakanin hanyoyi biyu. Kwalta ta miƙe arewa zuwa shinge, ta marmara ta miƙe gabas zuwa gonaki, abin da ke gabanta kai tsaye kuwa, in ka ƙetare mahaɗar, ƙaton kududdufi ne cike maƙil. Babu inda tarakta za ta tsaya ta ja ta miƙe.

"A ja ta kwalta," in ji Lado. "Ƙarfi ne magani."

Aka ɗaura sarƙa, tarakta ta yi gurnani ta nufi arewa. Hancin Gwaggo ya bi ta hagu, gindinta ya murɗa, sai na ji ƙasa ta tsage. Wani ƙaton ɓangare na tudun ya ɓalle ya faɗa kwari, tim!

"Tsaya! Tsaya, don ubanka!" Na bi mai taraktar da gudu ina dukan ƙarfen da hannu. "Motar ubana za ka kashe mini?"

Ya kashe inji yana ƙunƙuni, ya ce shi taimako ya zo yi. Na ɗaga kai, sai ga hadari ya haɗo a gabas baƙi ƙirin. Kowa a wurin ya san abin da nake tunani, in aka ƙara ruwa a kan tudun nan, sai dai in zo gobe in tsinci ƙarafa.

Lado ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya ce tun da ba a iya ja miƙe, a sa igiya biyu, ɗaya ta bi kwalta, ɗaya ta bi marmara, mutane su ja, motar ta fito ta tsakiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wallahi dabarar ta yi mini, har na ji sanyi a raina. Aka kawo igiyoyin ɗaure kaya masu kauri, aka ƙulla a ƙugiyar gaban mota.

Sai dai ka san ƴan dakon kan iyaka. Rukuni biyu ne, na Jibiya ƙarƙashin Mudathir, da na Nijar ƙarƙashin wani dogo mai suna Yahya. Kullum cikin rigimar wa zai sauke wace mota suke, ko kwano ɗaya ba sa ci. Ba wanda ya raba su, da kansu suka rabu, ƴan Jibiya suka kama igiyar arewa, ƴan Nijar suka kama ta gabas.

"Yau za a ga masu cin tuwon gero!" in ji Yahya yana tofa yawu a tafin hannu. "Kamyon nan mu kaɗai mun ishe ta."

"Ku dai riƙe wandunanku," in ji Mudathir.

Na hau na tayar da inji. Lado ya ɗaga hannu ya sauke. Kai! Maimakon su ja mota, sai suka koma jan juna, kowa na son a ce ɓangarensa ne ya fi. Mutanen Yahya kuwa ƙarti ne, ko wanne kamar bijimi. Hancin Gwaggo ya bi su dama, na murɗa sitiyari ya ƙi ji, na ji bodi ya yi ƙara ya kwanta gefe. Na danna ham ina ihu har suka saki. Da na sauko na tarar ɗaya daga tagwayen tayoyin baya tana lilo a iska, babu ƙasa a ƙarƙashinta.

Na zage su tas, Najeriya da Nijar ban bar kowa ba. Na zagi Lado, na zagi mai tirelar da ta mutu, na zagi kaina. Sannan na zauna a kan buhu na dafe kai.

"Baba."

Na ɗaga ido. Ɗiyata ce, ta fito daga rumfar uwarta inda take taya ta sayar da abinci ran Asabar, hannunta ma da sauran kumfar wanke-wanke.

"Baba, kada a sake ja haka. In aka sake, faɗawa za ta yi."

"Ke! Wa ya kira ki cikin maza? Koma ki wanke kwanukanki."

Ko gezau ba ta yi ba. Na san wannan tsayuwar, tawa ce ta gado.

"Dabarar Baba Lado daidai ce," ta ce. "Rabon mutanen ne ba daidai ba. Motar ba tsakiyar hanyoyin take kallo ba, ta fi karkata arewa. Dole igiyar arewa ta fi ta gabas ƙarfi, kuma akwai iyakar yadda za ta fi ta. Ina iya aunawa."

Wasu suka fashe da dariya. Lado ya ce, "Ɗalhatu, ashe injiniya kake ɓoye mana a gida?"

Na buɗe baki zan kore ta, sai ga Mariyamu ta kutso da ludayi a hannu. Matar nan ba ta taɓa sa mini baki a harkar mota ba.

"Malam, ka saurare ta. Wallahi tun kafin su ja ta ce mini hancin motar dama zai yi, taya kuma za ta fita. Ina tsaye na ga abin da ta faɗa ya faru."

Aka yi tsawa a gabas, iska mai sanyi ta taso ta ɗaga gefen tampol. Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce, "To auna mu gani. Ki yi sauri."

Yarinyar nan ta tattare hijabinta ta zama wata daban. Ta sa aka ɗauko siririyar igiya, aka ɗaura a tsakiyar bamba, ta ce da Mudathir ya ja ta miƙe sak zuwa bakin kududdufi, ita kuma ta tsuguna tana saitawa da ido har igiyar ta yi layi ɗaya da tsawon motar. Ta ce, "Nan ne hanyar da muke so ta bi, ba hagu ba dama."

Sannan ta tsaya a gaban bamba ta fuskanci arewa, ta bi kwalta tana ƙirga taku da ƙarfi. Da ta kai takwas ta tsaya, ta juya gabas cak, ta sake takawa har ƙafarta ta taɓa siririyar igiyar. Shida. Ta biyo igiyar ta dawo bamba, goma cif. Ta yi wani tsalle tana tafa hannu kamar wadda aka yi wa albishir.

"Baba, ta zo da sauƙi! Takwas da shida, wato huɗu da uku ke nan!"

Ta fizge ludayin uwarta ta tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashi, ta ja layi da ƙotar. Kibiya ɗaya ta yi arewa. Daga kanta wata ta yi gabas, gajeriya. Sai ta haɗa farkon ta farko da ƙarshen ta biyu da doguwar kibiya, abin ya zama alwatika mai kusurwa irin ta ginin ɗaki. Maza suka yi dafifi suna leƙe, har da masu kaki biyu da suka baro shinge.

"Ƙarfi yana da yawa, yana kuma da inda ya nufa," ta ce, "shi ya sa muke zana shi da kibiya. Wannan igiyar arewa ce, wannan ta gabas. Mota ba ta bin ko ɗaya, wannan doguwar take bi. In muna so doguwar ta kwanta a kan hanyar motar, duk mutum huɗu a arewa, a sa uku a gabas. Ku nawa ne?"

Aka ƙirga ƴan dako, saba'in.

"Arba'in arewa, talatin gabas. Zai zama kamar mutum hamsin ne suka tsaya cikin kududdufin can suna jan ta miƙe."

"Tsaya, ɗiyar Ɗalhatu," in ji Yahya. "Mi kika ce? Arba'in da talatin ai saba'in ne ko a Maraɗi. Ina ashirin suka tahi? Duwan, ƴan kwastan, suka kama su a shinge?"

Wuri ya kaure da dariya, har masu kakin suna riƙe ciki. Ita ma ta dara, amma ba ta ɗaga kai daga zanen ba.

"Da a layi ɗaya kuke, saba'in ne. Amma kun yi kusurwa, lissafin kusurwa daban ne. Arba'in sau arba'in, dubu ɗaya da ɗari shida. Talatin sau talatin, ɗari tara. A haɗa, dubu biyu da ɗari biyar. Wace lamba ce in ka ninka ta da kanta take ba da haka?"

"Hamsin!" Wani mai canjin sefa ne ya faɗa daga baya, tun kafin ta rufe baki.

"Ka ji. Ashirin ɗin ba ɓata suka yi ba, Baba Yahya. Igiyar arewa na ɗan jan hancin hagu, taku na ɗan jan sa dama. In rabon ya yi daidai, waɗannan biyun su kashe juna, abin da ya rage duk gaba zai tafi. Ɗazu naku ya rinjaya, shi ya sa ta bi ku."

Yahya ya buga ƙirji ya dubi Mudathir. "Ka ji ko? Boko ma ya shaida mun fi ku."

"Wa ya koya miki wannan?" in ji Lado.

"Malaminmu. Shi ma wani tsohon Bagirke ne ya gano shi tun kafin a yi mota."

"Bai taɓa tuƙi ba ke nan," in ji ni. Na matso kusa da ita na rage murya. "Ke, faɗa mini gaskiya. Hamsin ɗin za su fitar da ita?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Ban sani ba, Baba. Lissafin ya faɗi inda za ta nufa. Ko za ta fito, sai an ja."

Da ta ce mini tabbas za ta fito, da ban yarda da ita ba. Wannan amsar ce ta sa na miƙe na ce a yi yadda ta ce.

Saura rigima ɗaya. Ta ce ƙirgen ba zai yi aiki ba sai in mutanen igiyoyin biyu ƙarfinsu ya zo ɗaya, don haka a gauraya. A jera kowa daga ƙato zuwa siriri, a riƙa ɗiba, huɗu nan, uku can, ba ruwan kowa da ƙasar da ka fito.

"Ni in kama igiya ɗaya da Mudathir?" in ji Yahya. "Gara in sha ruwan kududdufin nan."

"Kai ma wa yake son warin hammatarka?" in ji Mudathir.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a goshi. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Kun shekara nawa kuna cin abinci a bayan motar nan? Ubana ya ɗauki ubanninku kyauta a kanta!" Muryata ta karye a tsakiya, abin da ban so ba. Yahya ya dube ni, ya dubi tayar da ke lilo, ya yi tsaki, ya je ya tsaya a bayan Mudathir a igiyar arewa. Sauran suka bi. Lado ya riƙa ɗiba yana turawa, huɗu, uku, huɗu, uku.

Sai kuma gardamar ƙirge, waɗannan na cewa ɗaya, biyu, uku, waɗancan na cewa an, de, turwa. Ɗiyata ta ruga rumfa ta dawo da babban farantin uwarta, ta haye kan tarin buhuna inda kowa zai gan ta.

"Ba ƙirge! In na buga, ku ja. In ban buga ba, ku riƙe. Kuma ba gasa, kowa ya ja da ƙarfinsa na kullum!"

Na hau mota na yi bisimilla. Na duba ƙofar da sunan ubana yake, na ce a raina, Baba, ka yafe mini in na kashe ta. Na sa giya ta ɗaya, na riƙe kuloci.

Ƙwal! Ludayi ya sauka a kan faranti.

Igiyoyi biyu suka miƙe suka yi tauri, ruwa na tsartuwa daga jikinsu. Na ji Gwaggo ta motsa a ƙarƙashina, kuma wallahi tallahi gaba ta motsa. Ba hagu, ba dama. Sitiyari ya zauna lafiya a hannuna kamar ina kan kwalta.

Ƙwal! "Yaa Allah!" in ji maza saba'in da baki ɗaya. Ta ƙara matsawa.

Ƙwal! Na ɗan saki kuloci, tayoyi suka fara cizon ƙasa. Mata na guɗa daga rumfuna, direbobin layi sun hau kan motocinsu suna ihu. Ni kaina ihu nake, ban san me nake cewa ba. "Tana zuwa! Tana zuwa! Gwaggo, taso, uwata!"

Nan ne masu son taimako suka kusa kashe ni. Wasu ƴan acaɓa da suka iso a makare suka hango igiyar gabas ta fi ƙarancin mutane, tausayi ya kama su, suka jefar da babura suka ruga suka kama. Ƙwal na gaba, na ji hancin mota ya zame dama. Bodi ya yi wannan ƙarar da na sani. Ta madubi na ga ƙasa na zubewa daga gefen tudu, tayoyin baya suna bin ta.

"Ku saki! Ku saki, ƴan banza!" Wa zai ji ni cikin wannan hayaniya? Ruwa ya fara sauka da gaske.

Na dubi kan buhuna. Yarinyar ta daina bugu, yatsanta na nuna su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ba ta ɓata lokacin korar su ba. Ta juya arewa ta ƙwala wata murya da ban san tana da ita ba.

"Shida sun ƙaru a gabas! Takwas a arewa! Mutum takwas, yanzu, yanzu!"

Wanda ya fara rugawa Lado ne. Lado da ko buhun auduga bai ɗaga ba cikin shekara ashirin, ya naɗe babbar riga a wuya, tumbi na rawa, ya cafki igiya. Masu kakin nan biyu suka bi shi. Mai canjin sefa ya soke jakarsa a wando ya kama. Mai tarakta da na zaga, mai shayi, sai Adama mai kunu, tsohuwa da ita, ta ɗaure zani ta shiga.

"Bakwai! Saura ɗaya!"

Mariyamu ta yar da takalmanta ta kama wutsiyar igiyar.

Ƙwal!

Hancin Gwaggo ya dawo. Na ji shi a tafin hannuna, ya dawo ya zauna a kan layin siririyar igiyar nan da ke kwance cikin taɓo. Ƙwal! Ƙwal! Yarinyar na bugu da sauri yanzu, faranti har ya lotsa. Na saki kuloci gaba ɗaya na taka totur har ƙasa. Gwaggo ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta girgiza, ta yi tsalle kamar akuyar da ta tsinke turke, sai ga mu a tsakiyar mahaɗa. Na take birki da ƙafa biyu, bamba na shaƙar ruwan kududdufi.

Mutanen igiya duk suka zube a taɓo, Najeriya a kan Nijar, Lado a ƙarƙashin kowa. Ban gama jan birkin hannu ba na ji rugugi a baya. Na leƙa. Wurin da tayoyin baya suke zaune ɗazu babu shi, tudun ya rufta, jan ruwa na gudu a kai.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Yahya ya ɗaga Mudathir sama yana juyi da shi cikin ruwa. Ƴan acaɓan nan na ta bugun ƙirji wai su suka fitar da ita, ba wanda ya tanka musu. Lado ya taso jiƙe sharkaf, taɓo har gira, yana cewa, "Ai na faɗa muku igiya biyu! Ban faɗa ba?" Adama mai kunu na neman ɗankwalinta tana zagin duk wanda ya taka shi.

Ni kuwa na sauko na dafa ƙofar mota, sai hawaye. Na yi ƙoƙarin in ce ruwan sama ne, amma kafaɗuna suka tona ni. Ɗiyata ta sauko daga kan buhuna ta zo ta tsaya nesa kaɗan, faranti a lotse a hannunta, tana haki tana murmushi. Zanen da ta yi a yashi tuni ƙafafu da ruwa sun shafe shi. Ina so in ce mata abubuwa da yawa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ke, je ki canza kaya kada sanyi ya kama ki."

Ta ce, "To, Baba."

Abin ya tsaya mini a rai har na kai garin Maraɗi na dawo. Ran kasuwar Jibiya na wanke Gwaggo, na ce da yarinyar ta shiga gaba ta raka ni wani wuri. Muka tsaya a rumfar Kalilu mai fenti, wanda ya rubuta sunana a ƙofar nan tun yana saurayi. Na nuna masa wurin da ya rage a ƙasa.

"Ka zana mini alwatika a nan, ƙarama. Ita za ta nuna maka yadda take. Huɗu, uku, biyar. A gefenta ka sa suna."

Kalilu ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗalhatu, wurin direba ne fa wannan."

"Na sani. Ubana ya tuƙa ta, ni na jefa ta rami, wannan ta fitar da ita. Rubuta."

Ya tsoma buroshi a farin fenti, ya goge bakinsa a gefen gwangwani, ya tsaya yana jira. "To, wane suna?"

Tsohon banza, ya san sunan sarai, a gabansa aka yanka ragon sunan. Na dubi yarinyar ko za ta cece ni ta faɗa da kanta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, ita ma jira take. Shekara goma sha bakwai sunan nan yana cikin bakina ban bar shi ya fita ba. Na yi gyaran murya, na sake yi.

"Mufida," na ce. "Mufida Ɗalhatu. Ka rubuta da manyan baƙi."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Kalilu ya fara jan layin farko.